Hasashe da Sakamako: Finafinan Hausa a Gasannin Lambar Yabo

1.0 Gabatarwa

Tun daga fitowar Turmin Danya a Kano cikin 1990, sana'ar fim ta kafu a ƙasar Hausa, har ofisoshinta suka yi dafifi a titin Gidan Zu, daura da Gyaɗi-Gyaɗi ta Ƙaramar Hukumar Tarauni. A irin waɗannan wurare, da zarar an ce gasa ta ƙarato, sai majalisu su ɗauki zancen wanda zai ci. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a gwada irin wannan zance da abin da alƙalai suka yanke, a kuma duba matsayin harshen Hausa a cikin lamarin.

2.0 Hasashe, Kirdado da Fata

Bahaushe ya bambanta abubuwa uku. Hasashe shi ne hango abin da zai auku bisa alamomin da aka gani. Kirdado kuwa cinta ce kawai, ba tare da madogara ba. Shi fata buri ne na zuciya. Galibin abin da ake kira hasashe a bakin masu kallo fata ne aka sa wa rigar hasashe, domin ma'auninsu farin jinin jarumi ne da daɗin waƙa. Su kuwa alƙalai tsarin labari suke dubawa, da ɗaukar hoto, da sauti, da tacewa. Inda ma'auni ya sha bamban, tilas sakamako ya sha bamban.

3.0 Gasar Afirka

An fara gasar AMAA a 2005 a Yenagoa ta Jihar Bayelsa. A 2007 fim ɗin Sitanda na Izu Ojukwu ya zama gwarzon shekara, Ali Nuhu kuma ya karɓi kyautar jarumi mai tasowa ta dalilinsa. Abin lura shi ne, yabon ya zo masa ne ta fim ɗin Kudu, alhali a finafinan Kano ya yi suna.

A 2020 sai The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda akasarin maganganunsa da Hausa aka yi, ya shiga rukuni 8 ya ci 5, ciki har da gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta zama gwarzuwar mataimakiyar jaruma. A nan alama ta yi daidai da sakamako, watau yawan rukunonin da fim ya shiga ya nuna inda alƙalai suka karkata.

4.0 Gasar Oscar

A rukunin finafinan ƙasashen waje na Oscar a Amurka, kowace ƙasa fim ɗaya take aikawa, kuma sharaɗi ne fiye da rabin maganganunsa ya kasance ba da Ingilishi ba. Wannan sharaɗi ne ya kayar da Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019, tun kafin a fara zaɓe, saboda Ingilishi ya rinjayi Ibo a cikinsa. Faɗuwar wani tashin wani: sharaɗin ya buɗe wa harsunan gida ƙofa. Nijeriya ta aika The Milkmaid a 2020, sannan Mai Martaba na Prince Daniel a 2024, wanda shi ma da Hausa aka yi.

To, amma aikawa daban, ci daban. Ana tankaɗe finafinan zuwa 15, a rairaye su zuwa 5, sannan a fid da ɗaya. Ƙasashe 93 ne suka shiga tare da The Milkmaid, 85 kuma tare da Mai Martaba, kuma babu ɗayansu da ya kai matakin 15. Wanda ya ɗora hasashensa a kan nasarar AMAA ya manta cewa masu zaɓen ba ɗaya ba ne, kuma a can sai an kashe kuɗi wajen nuna musu fim da tallata shi kafin su waiwaye shi.

Kada a ɗauka masana na can ba sa kuskure. Emilia Pérez na Faransa ya shiga rukuni 13, masu sharhi da dama suka ba shi gaba a wannan rukuni. Da aka tono wasu tsofaffin kalaman jarumarsa sai iska ta juya, ranar 2 ga Maris 2025 I'm Still Here na Barazil ya ɗauke kambun.

5.0 Kammalawa

Darasi biyu ne a nan. Na farko, hasashe nagari yana farawa ne da sanin dokar gasa da sanin masu zaɓe. Na biyu ya shafi mu malaman harshe kai tsaye. Alƙalin da ba ya jin Hausa fassarar da ke ƙasan hoto kaɗai yake karantawa. Idan karin magana ko habaici ko kirarin fada ya mutu a wajen fassara, to, rabin gwanintar marubuci ta salwanta kafin a zo hukunci. Saboda haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su ɗauki fassarar fim a matsayin fanni mai zaman kansa, su horar da ɗalibai a kansa, su kuma haɗa hannu da masu sana'ar da ke titin Gidan Zu.