Ɗan layin ƙasan Excel da ke haɗa mana lissafin bisashe

A zagayen da nake yi wajen magatakardan ƙungiyoyin makiyaya, na taɓa tarar da wani a yankin Dakwaro yana zaune gaban kwamfuta, sunayen membobi da yawan awakinsu duk suna cikin tablo na Excel, amma shi yana haɗa lissafi da wayar salula, lamba bayan lamba. Sau uku ya haɗa, sau uku amsa ta bambanta. Ga shi washegari zai miƙa adadin ga ma'aikatan kiwo domin a san yawan allurar rigakafin da za a kawo musu. Ban ga laifinsa ba, don ba wanda ya taɓa nuna masa cewa amsar tana nan ƙasan allo tana jiransa.

Ga yadda abin yake. Idan ka ɗora linzamin kwamfuta a kan gidan lamba ta farko, ka danna ka ja har zuwa ta ƙarshe, sai ka dubi ɗan siririn layin da ke can ƙasa, wajen hannun dama. Excel zai nuna maka abu uku nan take. Da yake yawancin injunanmu a Nijar da Faransanci suke, za ka ga "Somme", wato jimilla. "Moyenne", wato matsakaici, abin da kowa zai samu da an raba daidai. Da kuma "Nb (non vides)", wato yawan gidajen da aka rubuta wani abu a ciki. Ba sai ka rubuta wata dabarar lissafi ba. In ka danna maɓallin dama na linzami a kan layin, za ka iya ƙara wasu uku: lamba mafi ƙanƙanta, lamba mafi girma, da "Nb (nombres)", yawan gidajen da lamba zalla ce a cikinsu. Shawarata ita ce a kunna su duka tun ranar farko. LibreOffice Calc da Google Sheets ma suna da irin wannan a ƙasan allo, ko da yake tsarin ya ɗan bambanta.

Kowa jimilla yake fara dubawa. Ni kuwa ƙidayar gidaje nake fara dubawa, domin ita ce ke tona kuskure. A ce ƙungiyarku tana da membobi 25. Ka zaɓi layin awaki, sai ka ga gidajen da ke da rubutu 25 ne, amma masu lamba zalla 23. Ma'anarsa mutum biyu ba su shiga jimilla ba. In ka bincika, sai ka tarar a wani gida an rubuta "awaki 30" a maimakon 30 kawai, a wani kuma an buga harafin O a wurin sifili. Ido yana ganin lamba, amma na'ura kalma take gani, kuma ba ta haɗa kalma cikin lissafi. Ba za ta yi maka gargaɗi ba, tsallakewa kawai za ta yi. Ranar da aka tara bisashe, sai allura ta ƙare alhali garke biyu suna tsaye. Duk wanda ya san wahalar dawo da masu allura rugga a karo na biyu, da ƙanƙara da mai da komai, ya san abin da nake nufi. Ƙari kan haka, a cuta mai yaɗuwa irin annobar awaki da tumaki ko ciwon huhun shanu, garken da aka bari ba rigakafi yana iya zame wa sauran matsala a bakin rijiya.

Lamba mafi girma ita ma tana da amfani. In ka san babu mai awaki sama da 80 a cikinku, sai ga 350 ta fito, to wani ya so rubuta 35 ne yatsa ya ƙara sifili.

Matsakaici shi ne ya fi yaudara, kuma a nan nake so a natsu. Mu ɗauka an tambayi gidaje 10 yawan ƴan awakin da suka mutu cikin wata. Gida huɗu sun yi asara, jimilla 12. Sauran shida ba su rasa ko ɗaya ba. Idan magatakarda ya bar wurin waɗannan shida fili, Excel zai raba 12 gida huɗu, ya ce matsakaici 3 ne. Idan kuwa ya rubuta 0 a gabansu, zai raba gida goma, ya ba da 1,2. Mace-macen ba su canza ba, amma rahoto na farko zai sa a ɗauka cuta ta fi yadda take tsanani fiye da ninki biyu. Haka nan in aka juya: wanda ya tafi mashekari ba a same shi ba, aka sa masa 0, to an rage tsananin abin, alhali wataƙila shi ya fi kowa asara. Don haka nake roƙon ƙungiyoyi su yi ƙa'ida ɗaya su riƙe: sifili na wanda aka tambaya ya ce babu, fili na wanda ba a samu jin ta bakinsa ba.

Akwai kuma tarkon jimillar ƙasa. Da yawa suna da layin jimilla a ƙarshen tablo. In ka ja linzami ka haɗa da shi, ko ka danna kan harafin da ke saman layin gaba ɗaya, amsar za ta ninka biyu. Ni kaina na taɓa faɗawa ciki wajen lissafin buhunan dusa na lokacin rani, sai da wani dattijo ya ce mini ai rumbunsu ba zai ɗauki wannan adadi ba.

In kana son haɗa waɗanda ba sa jere, misali ƴan rugga ɗaya da sunayensu ke warwatse, ka riƙe maɓallin Ctrl kana danna gidajensu ɗaya bayan ɗaya. In kuma ka tace tablo ya nuna ƙauye guda kaɗai, layin ƙasa zai lissafa abin da ke bayyane ne kawai. Wannan yana da daɗi wajen ba mai gari amsa nan take, amma ka tuna ka cire tacewar kafin ka faɗi adadin ƙungiya duka.

Abin da layin nan ya nuna ba ya zama cikin takarda. Da ka danna wani wuri ya ɓace, kuma in ka buga tablo a takarda ba zai fito ba. Adadin da za a kai wa ma'aikatan kiwo ko a karanta a taron membobi, dole a sa masa dabararsa a cikin gida. Idan lambobin suna daga B2 zuwa B26, sai a rubuta =SOMME(B2:B26) a ƙasansu. Daga nan ka sake zaɓar gidajen 25, ka gwada amsar da ta layin ƙasa, ka tabbatar ƙidayar masu lamba ita ma 25 ce kafin shugaban ƙungiya ya sa hannu.