Kunna fitilar gareji da salula: waya ɗaya ce ke kawo gardama

Wanda ya leƙa shagunan kayan wuta na France Road a Sabon Gari zai ga ƙananan makunnai da ake cewa suna aiki da salula, irin su Sonoff da masu hawa manhajar Tuya. Kana kwance a ɗaki ka kunna fitilar gareji, ko ka saita ta ta kama da kanta bayan magariba. Sai dai da yawa sun saya, mai wayarin ya zo ya buɗe bango, ya ce ba zai yi ba. Wasu kuma an ɗaura musu, amma kwan yana ta ƙyafta ido alhali an kashe shi. Dalilin duka biyun ɗaya ne.

Wutar da KEDCO ke kawowa gida bolt 230 ce, kuma ba ta aiki sai ta samu hanyar zuwa da ta komawa. Wayar zuwa ita ce masu wayarin ke ce wa layif: ja a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Ta komawa ita ce nutural: baƙa a da, shuɗiya yanzu. Makunnin gargajiya ƙofa ce kawai a kan layif, ya haɗa ko ya raba. Ba ya cin wuta, don haka ba ya buƙatar nutural. Shi ya sa a tsarin wayarin da muka gada daga Ingila, galibi nutural tana tsayawa can sama wurin kwan, ba ta saukowa akwatin makunni.

Shi kuwa sabon makunni ƙaramar kwamfuta ce. Yana da na'urar kama waifai, da wani ɗan maganaɗisu da ke ja ko sakin ƙarfen da ke haɗa wutar (shi ne ƙarar "ƙas" da kake ji). Ko fitila a kashe take, dole ya zauna a farke yana jiran umarni. To da wace hanya wutarsa za ta koma, in babu nutural?

Kamfanoni sun yi dabara: akwai makunnin da ba ya neman nutural. Yana barin wuta 'yar kaɗan ta riƙa zurarewa ta cikin kwan, ya ci daga nan. Da tsohon kwan mai zare, wannan ba ya nuna komai, domin wutar ba ta isa ta zafafa zaren ba. Kwan LED daban ne. A gindinsa akwai wata 'yar ma'ajiyar caji, wadda ke tara wannan wutar kamar yadda ɗigon famfo ke cika kofi. Ta cika, kwan ya yi wal, ta zube, a sake farawa. Maganinsa kafasitar da ake haɗowa a cikin kwalin, a ɗaura ta a wurin kwan, ba a wurin makunni ba. Amma a ganina, tunda wayoyin gareji galibi a cikin bututu suke bisa bango, gara a jawo nutural ɗin a huta.

A nan ne haɗarin yake. Mai wayarin da ke sauri zai iya ɗauko nutural daga soket mafi kusa. A gidan da ke da layi ɗaya ma wannan kuskure ne, balle a Fagge, inda gida ko shago kan haɗa wutar Nepa da janareto da inbata. Sau da yawa fitilu suna kan inbata, soket kuma yana kan Nepa. Ka ara nutural daga wani layi, ka haɗa tsari biyu da aka raba da gangan. Wani zai kashe bureka ɗaya, ya ɗauka waya ta mutu, ya kama ta da hannu alhali wuta na bi ta cikinta. Wasu kuma sukan maye gurbin nutural da wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Makunni zai yi aiki, shi ya sa ake ruɗuwa. Amma wannan wayar an ajiye ta ne don ranar da aka samu matsala. In ta tsinke a wani wuri, jikin duk ƙarfen da ke haɗe da ita zai iya ɗaukar wuta. Nutural daga layin fitilar kanta za a ɗauko, ba daga ko'ina ba. Kuma testa mai ɗan haske ba ta isa shaida ba: a sauke wutar gidan duka, har inbata, a auna da mita.

Gareji kuma ba falo ba ne. A nan ake ajiye janareto da jarkar fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, kuma kowane makunni yakan yi ɗan tartsatsi a ciki lokacin haɗawa. Bambancin shi ne, na zamani yana kunnawa babu kowa a wurin da zai ji warin mai. A ɗaga shi sama, cikin rufaffen akwati, nesa da jarkoki. Mutanen Sabon Gari ba su manta gobarar kasuwa ta watan Maris na 2016 ba, sun san yadda wuta ke gudu idan gini ya manne da gini. Akwatin roba mai kauri ya fi, domin na ƙarfe yana toshe waifai, haka ma ƙofar ƙarfe da rufin kwano.

Sai batun ɗauke wuta. Aka ɗauke, makunni ya mutu, rauta ma ta mutu, sai dai in tana kan batir. Duba saitin da ke faɗa masa abin da zai yi idan wuta ta dawo: ya kunna, ya kashe, ko ya koma yadda yake. Kuma yawancinsu waifai mai gigahaz 2.4 kaɗai suke kamawa, wanda shi ne dalilin da wasu ke ƙin haɗuwa da sabuwar rauta. Ka tabbata akwai maɓallin da za a danna da hannu, saboda ranar da data ta ƙare.

Zancen rage kuɗin wuta fa? Kada a cika buri. Kwan LED mai wat 10 da aka manta a kunne awa 12 kullum zai ci yunit 3.6 a wata. Ko da farashin naira 225 da aka sa wa 'yan Band A a Afrilun 2024, naira 810 ke nan. Shi kansa makunnin, in yana cin wat ɗaya dare da rana, ya lashe yunit 0.72. Wanda burinsa kawai fitila ta kama idan ya shigo da mota, makunni mai jin motsin mutum zai yi masa aikin, ba intanet ba manhaja. Shi ma dai yawancinsa da nutural yake aiki, don haka a fara buɗe akwatin bango a ƙirga wayoyi kafin a hau adaidaita zuwa kasuwa.