Shinge mai rai ya fi shingen ƙaya busasshiya

A ƙasar Kurfai, manomi da makiyayi maƙwabtan juna ne. Kurfayawa, Zabarmawa, Filani da Buzaye duk suna cin kasuwar Filinge. Amma in damana ta faɗi, ɓarnar bisashe da gardamar iyaka su kan haɗa su faɗa. Irin wannan faɗa ba abin wasa ba ne. A 1991, a garin Toda cikin jihar Maraɗi, ya ci ran mutum fiye da 100.

Bayan farin 1984, noman rani ya yaɗu. Cikin Dallol Boso ruwa ba ya da nisa, sai garake suka yi yawa. Kowace garka tana son shinge. Mai garka ya kan saro ƙaya ya kafa. Gara ta ci, iska ya kwashe, baɗi kuma sai sabon sara. Haka daji ke ƙarewa.

Maganin wannan shi ne shinge mai rai. Itacen da suka dace su ne bagaruwa, magariya da ɗakwara. Ƙwayar bagaruwa tana da tauri. Sai a zuba ta cikin ruwan zafi ta kwana, sannan a shuka cikin leda tun bazara. In ruwa ya zauna a watan Yuli, a dasa layi 2, rabin mita tsakanin icce da icce. A bar tsohon shinge ya tsare su shekara 2 ko 3, don awaki. In sun tashi, a datse kansu, su yi rassa daga ƙasa.

Wannan shinge ba ya gusawa, balle a ce wani ya ci iyaka. Yana rage iska. Ga ɗiyan magariya na yara, ga bagaruwa ta majema, ga ƙaron ɗakwara na sayarwa.

Amma akwai sharaɗi. Kafin dashe, a kira maƙwabci da maigari su shaida iyaka. Wanda ya ari gona ya nemi yardar mai ita. Kada a toshe burtali ko hanyar rijiya, domin dokar karkara ta 1993 ta tsare wa makiyaya hanyarsu. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi ma'aikatan gandun daji na Filinge.