Madécali: Yadda ake dasa itace daga leda ba tare da ya mutu ba

A Jamhuriyar Benin ranar 1 ga Yuni ce ranar dashen itatuwa ta ƙasa, a Nijar kuwa 3 ga Agusta. Mutanen Madécali, a yankin Malanville da ke jihar Alibori, suna kusa da ƙasashen biyu, domin kogin Kwara ne kawai ya raba Malanville da Gaya. Sai dai karɓar dashen mangwaro ko dogon yaro a leda abu ne mai sauƙi, raya shi ne aiki. Sau da yawa abin da ke kashe dashe shi ne raunin da saiwarsa ta samu a ranar da aka dasa shi.

Ƙananan saiwoyi masu kama da gashi su ne ke shan ruwa. Idan ƙasar da ke riƙe da su ta warware, sai su tsinke, ganye kuma ya ci gaba da fitar da ruwa cikin zafin rana har itacen ya yi yaushi. Shi ya sa ake shayar da dashen tun ana gobe za a dasa, don ƙasar ta kama jikinta. Ba a fizgo shi ta kara. Ana yanka ledar da reza, a cire ta gaba ɗaya. In saiwa ta nannaɗe a gindin ledar, sai a datse wurin da wuƙa mai kaifi, domin idan aka bar ta haka za ta ci gaba da zagaye kanta.

Lokaci ma yana da muhimmanci. An fi so a dasa da yamma, bayan damina ta kankama ƙasa ta jiƙu. Dashen da ya saba da inuwa kuma ana fito da shi rana kaɗan-kaɗan na mako ɗaya ko biyu kafin a kai shi gona.

Ga mangwaro, ramin ya kai kamar santimita 60 a faɗi da zurfi, a bar tazarar mita 10 tsakanin itace da itace. Ana gauraya ƙasar sama da takin gida wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Kada a binne karan fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a leda. Idan mangwaro mai aure ne, dole mahaɗar auren ta kasance a sarari.

A Madécali akwai ƙarin hattara: ƙasar bakin kogi ce, ruwa yakan kwanta a fadama idan kogi ya cika. Ƙaramin itacen da saiwarsa ta daɗe cikin ruwa yakan ruɓe, don haka tudu ya fi dacewa da shi.

Bayan dasawa sai a danne ƙasar a hankali, a shayar sosai, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa nesa kaɗan da karan saboda gara, sannan a kewaye shi da ƙaya don awaki. Idan rani ya shigo, ban ruwa ne zai kai shi damina ta gaba.