Kurciyar Mai Sunsaye

Muna sakandare a Gwarzo aka ba mu Burning Grass na Cyprian Ekwensi, wanda ya fito a 1962, na biyu a jerin littattafan Afirka na kamfanin Heinemann. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Me zai sa dattijo kamar Mai Sunsaye, shugaban Fulanin Dokan Toro, mai iyali da garke, ya ga tsuntsuwa ya bi ta, ko sallama babu?

Littafin ya ce ciwon yawo ne, sokugo, wanda Arɗo, mai neman kujerarsa, ya jefe shi da shi. Malaminmu ya ce dabarar marubuci ce. 'Ya'yan tsohon sun watse, Jalla yana can da shanunsa, Hodio ya gudu da Fatimeh, Rikku na fama da sonta, sai aka mai da ƙafar uban zaren da zai ɗinke su. Da gaskiyarsa, amma bai gamsar da ni ba. Idan yawo kaɗai ake so, ai bin ciyawa ya isa ya ta da Bafulatani. Ina ruwan tsuntsuwa?

Da hutu na je Kabo wajen kakata, ina ba ta labarin da Hausa. Na zo kan tsuntsuwar mai laya a ƙafa, sai ta katse ni.

"Wace iri ce?"

"Kurciya, Iya."

"To, kai da karatunka! Ai kurciya aka yi masa."

Na yi sororo. Tun ina yaro nake jin an yi wa wane kurciya, wato asirin da ke fitar da mutum daga gida ya yi ta tafiya ba waiwaye, amma Turanci ya rufe mini ido. Ekwensi Ibo ne, sai dai a Minna aka haife shi a 1921, ya kuma yi aikin gandun daji. Abin da ke bakin mutane ya ɗauko, ya sa masa fukafukai.

Sauran kuma a bakin Iya ya warware, don ta kasa faɗin Sunsaye, sai "Mai Tsuntsaye" take ta cewa. Ashe tun a sunan aka rataya masa abin da zai fitar da shi.

Ta tambaye ni wa ya karya asirin. Na ce Fatimeh, baiwar da ya fansa da shanunsa a farkon littafi. Ta ce shanu nawa?