TEKWANDO: WASAN DA AKE FARA KOYONSA DA GAISUWA

Mutanen Dungas da Magarya ba baƙin kokowa ba ne. Da an ƙare girbi, an kai dammunan hatsi rumbu, sai makaɗa su fito, samari su shiga fili. Mahauta suna da dambensu, Filani suna da sharo. To, ga wani wasa ya zo daga nesa, sunansa tekwando. Ƴan lakwal da ke karatu a birni suna ganinsa. Masu zuwa cin rani Damagaram ko Kano suna ganinsa. Wasu kuma cikin waya suke kallo. In sun komo gida, sai a tarar da su bayan rumbu suna harbin iska da ƙafa. Uba yakan tsaya ya tambayi kansa: wannan abu tarbiyya ce, ko koyon faɗa?

Tambayar tana da dalili. Mahaifin Abdurrazak Isufu Alfaga ma ya yi ta.

An haifi Alfaga a shekarar 1994. Tun yana ƙarami ya fara tekwando. Sai wani ɗan uwansa ya ji ciwo wajen wannan wasa, ya rasu. Uban ya hana shi, kuma ba wanda zai ga laifin uban. Sai da yaron ya tafi zama ƙasar Togo sannan ya koma ga wasan. Daga baya ya samu horo a Jamus. A shekarar 2016, a birnin Riyo na ƙasar Barazil, ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a wasannin Olamfik, inda ƙasashen duniya ke haɗuwa kowace shekara huɗu. Kafin shi, lamba ɗaya tak Nijar ta taɓa samu a can: ta tagulla, wadda Isaka Dabore ya ciyo a damben Turawa a 1972. Shekara 44 ke tsakaninsu. A 2017 Alfaga ya zama zakaran duniya a garin Muju, cikin Koriya ta Kudu, ƙasar masu wasan.

Dangi ɗaya, wasa ɗaya: wani ya rasu, wani ya ɗaga tutar ƙasa. Saboda wannan haɗari ne aka kewaye tekwando da dokoki.

LADABI KAFIN BUGU

Mutanen Koriya suka raɗa masa wannan suna a 1955. A harshensu "te" ƙafa ce, "kwan" dunƙulallen hannu, "do" kuwa hanya. Wurin koyo suna ce masa dojan. Almajiri ba ya shiga dojan da takalmi. In ya zo bakin ƙofa sai ya tsaya, ya ɗan sunkuyar da kai. Ya gai da malaminsa, ya gai da waɗanda suka riga shi shiga. Kafin karawa zai gai da abokin karawarsa, bayan an ƙare ya sake gaishe shi, ko shi ya ci ko shi aka ci.

Wasu iyaye sukan yi shakkar wannan sunkuyo. Ga mutanen Koriya gaisuwa ce, kamar yadda yaron kirki ke tuɓe takalmi ya rusuna wa dattijo. Ana yin wasan a Masar da Turkiyya da Iran. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya nemi bayani wurin malaman addini na garinsa.

Kowa yana sa farin wando da farar riga, ya ɗaure da ɗamara. Ɗan sarki da ɗan talaka kayansu ɗaya. Ɗamara ce ke nuna girma. Sabon shiga fara yake ɗaurawa. Sannu a hankali ya hau zuwa rawaya, tsanwa, shuɗiya, ja, sannan baƙa. Baƙar ɗamara sai an yi shekaru ana wahala. In an jeru, manya ke gaba. Yaro ɗan shekara 12 yana iya tsayawa gaban mai gemu, in ya riga shi ƙwarewa, mai gemu kuma ba ya jin haushi. Ba a surutu, ba a dariyar wanda ya faɗi, ba a fita sai da izini.

Ana koya wa almajirai halaye biyar: ladabi, gaskiya, naci, kamun kai, da rashin karaya. Kamun kai shi ne mai wuya. Kowa ya ji labarin ƴan "pale" na birnin Damagaram, samari masu ƙarfi da ba mai tsawata masu. A dojan na gaskiya, almajirin da ya kai abin da ya koya kasuwa ko bakin rijiya, ya bugi wani, horo yake sha, ko a kore shi.

KIYAYE JIKI

Ɗan kokowa yana shiga fili da layu da guraye. A tekwando sai a tuɓe su duka, har da zobe da agogo, don suna yanka. A yanke farce, na hannu da na ƙafa. Ba a fara bugu sai an motsa jiki, jijiyoyi sun saki.

A gasa, kowa yana sa sulken ƙirji, da hular kare kai, da robar haƙori, da abin kare ƙwauri, damtse da gaba. Ana auna nauyi, don kada a haɗa ƙato da ƙanƙane. Turmi biyu ko uku ake yi, kowane minti biyu, da hutun minti ɗaya tsakani. Haramun ne bugu ƙasa da ɗamara. Haramun ne naushi a fuska. Wanda ya faɗi ba a taɓa shi. Da alƙali ya ce "kalyo", kowa ya ja da baya, ko ƙafarsa tana sama.

Waɗannan kaya suna da tsada, a ƙauye ba su samuwa. Inda babu su, yara su tsaya ga koyon motsi da bugun matashi, kada su bugi juna. A share fili, a tsince ƙaya da ƙarangiya da fasassun kwalabe. Cikin bazara a yi da safe ko da marece, tulun ruwa yana kusa.

Uban da ɗansa ke son shiga, ya je da kansa ya zauna ya kalli darasi ɗaya. Ya tambayi malamin inda ya yi koyo, da takardar shaidar ɗamararsa. Ya duba ko yana raba manya da ƙanana. Malamin da ke haɗa sababbin shiga faɗa tun makon farko, ko yake dukan yara don nuna ƙarfi, a janye yaro daga wurinsa.

Bugun kai shi ne abin tsoro. Yaron da aka buga a ka, ya ji jiri, ko ya yi amai, ko ya manta abin da ya faru, ko barci ya riƙa ɗaukarsa, kada ya koma fili ko ya rantse ya warke. Kada a tsaya jiƙo. A kai shi gidan likita nan take, a Dungas ko Magarya, wanda ya fi kusa.