Saiful Azam da sana'ar yaƙi a sararin sama

Jirgin yaƙi ƙirar Hawker Hunter, wanda Ingila ta ƙera a shekarun 1950, igwa huɗu ne a ƙarƙashin hancinsa. Idan matuƙi ya danna kunama bai ɗaga yatsa ba, kafin sakan goma ya ƙarar da harsasansa kaf. Ke nan mutum ya shafe shekaru yana koyo, gwamnati ta zuba dukiya a kansa, domin abin da zai yi a 'yan sakan ɗin nan. Da irin wannan jirgi Saiful Azam ya yi suna.

An haife shi a 1941 a gundumar Pabna, cikin Bangladash ta yau. Ya zama hafsan sojan saman Pakistan a 1960, aka tura shi ƙaro ilimi sansanin Luke da ke Arizona a Amurka. Da ya dawo har koyarwa ya yi. A yaƙin Indiya da Pakistan na watan Satumba 1965, yana tuƙa F-86 Sabre, ya kakkaɓo jirgin Indiya ƙirar Gnat. Matuƙin ya dira da laima, aka kama shi. Pakistan ta ba Azam lambar jarumta ta Sitara-e-Jurat.

Mutane sun ɗauka rashin tsoro ne jarin wannan aiki. A ganina ido ne, sai juriyar jiki. Wanda ya riga ganin abokin gaba shi ke zaɓen inda zai ɓullo masa, ko ta cikin hasken rana ko ta bayan wutsiya, shi ya sa wuyan matuƙi ba ya hutawa da waiwaye. Ba a kuma fita a ɗaiɗai: jagora yana kai hari, na biyunsa yana tsare masa baya. In aka fara juyi mai tsanani kuwa, nauyin jikin mutum kan ninka sau shida ko bakwai, jini ya gangara ƙafafu, gani ya dushe, wani ma ya suma yana riƙe da sandar tuƙi. Akwai wando na musamman da ke kumbura da iska ya matse cinyoyi da ciki, amma dole shi ma ya ɗaure tsokarsa yana fizgar numfashi, a lokaci guda yana lissafin man da ya rage da nisan gida. Harbin kansa ba a saita shi inda jirgin gaba yake, sai inda zai kai, kamar yadda mai gwafa ke wa tsuntsu a tashe.

A 1966 aka ba Jodan aronsa a matsayin mai ba da shawara, yaƙin kwana shida ya riske shi a can. Ranar 5 ga Yuni 1967 Isra'ila ta ragargaza yawancin jiragen Masar tun suna ƙasa, sannan ta juyo kan sansanin Mafraq na Jodan. Azam na cikin 'yan kaɗan da suka samu tashi, ya harbo jirgi ɗaya ƙirar Mystère. Kafin dare Jodan ta rasa kusan duk jiragenta, sai aka tura matuƙanta Iraƙi. Ranar 7 ga wata, a saman sansanin H-3 da ke hamadar yammacin ƙasar, ya hau Hunter na Iraƙi ya kakkaɓo biyu: mai jefa bama-bamai ƙirar Vautour, da Mirage III.

Na Mirage ɗin shi masu sana'ar suka fi jinjina wa. Mirage na iya ninka gudun sauti sau biyu, Hunter kuwa ko gudun sautin ba ya kaiwa a miƙe. Sai dai gudu yana da amfani ne in an yi faɗan da nisa. Da zarar an sauko ƙasa-ƙasa ana zagayen juna, fukafukan Mirage masu siffar alwatika kan ci masa gudu a kowane juyi, Hunter kuwa nan ne fagensa. Gwaninta ita ce ka ja abokin gaba zuwa faɗan da jirginka ya iya. Matuƙin Mirage ɗin ya fice da kujerarsa mai cilla mutum waje, ya zama fursunan yaƙi. Jodan da Iraƙi duk sun ba Azam lambobin yabo, ko da yake jirage uku ba su sauya komai a yaƙin da Larabawa suka sha kashi ba.

A nan sana'ar ta bambanta da sauran. Gwaninta taka ce, amma jirgi da mai da filin tashi da makanikan da suka kwana suna duba inji duk na hukuma ne, kuma ita ke cewa tashi ko zauna. A 1971, da Gabashin Pakistan, wato Bangladash ta yau, ta tashi neman 'yanci, sai aka daina yarda da hafsoshi 'yan Bangali. A watan Agusta wani malamin tuƙi ɗan Bangali, Matiur Rahman, ya yi yunƙurin karkatar da jirgin horo zuwa Indiya, ɗalibin da ke ciki, Rashid Minhas, ya hana, jirgin ya faɗi da su duka biyu. Yau kowanne gwarzo ne a ƙasarsa. Shi Azam hana shi tashi aka yi, mutumin da shekara shida kafin nan aka rataya wa lambar jarumta. Ba a tuhumi hannunsa ba, asalinsa aka duba.

Daga baya ya koma Bangladash ya shiga sabuwar rundunar sojan samanta, ta huɗu ke nan da ya yi wa aiki, ya yi ritaya da muƙamin Guruf Kyaftin. Aikin nan ba ya tsufa da mutum, ido da jijiya kan sallame shi da sauran ƙarfinsa, don haka dole a nemi abin yi. Ya shugabanci hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, ya riƙe hukumar bunƙasa fina-finai, ya kuma wakilci wata mazaɓa ta Pabna a majalisa daga 1991 zuwa 1996. Ya rasu a Dhaka ranar 14 ga Yuni 2020, Falasɗinawa da dama suka yi ta'aziyyarsa.